Kiri-kiri a filin tamaula: yadda ake ƙirƙiro irin ciyawar wasanni, da abin da ya shafi Tasawa da Mayahi

Duk ranar da ake babban wasa, gidajen kallon ƙwallo na Tasawa da Mayahi kan cika maƙil, kuma abin da ido ke fara gani a talabijin tun kafin a busa usur shi ne koren fili mai laushi kamar darduma. Da an fito waje, filin da samarin unguwa ke buga tamaula rairayi ne da tsakuwa da ƙura. Mutane da yawa na ɗaukar cewa ciyawar da ake gani a manyan filaye, wadda ake ce wa gazon, tsiro ne na ƙasashen Turai da ba ya da dangi a nan. Amma a ƙasashe masu zafi, mafi yawan filayen ƙwallo da na wasan golf an shimfiɗe su ne da jikokin kiri-kiri, hakin nan da ke yaɗo a bakin tabki da cikin garaka, wanda mai lambu ke yini yana tuge shi. Abin da ya raba ta bakin tabki da ta talabijin aikin masu ƙirƙiro iri ne na shekaru kusan 90, kuma aikin ya taɓa hatsin da ake ci a jihar Maraɗi.

Abin da ake nema ga ciyawar fili

Manomi na son tsiro ya yi tsawo ya ba da zangarniya, makiyayi na son ganye mai yawa. Mai kula da filin wasa yana son ciyawar da za ta kwanta ƙasa, ta yi kauri, ta saƙa jikinta har takalmin ɗan wasa ya kasa tumɓuke ta. A filin tamaula akan aske ta zuwa santimita 2 ko 3. A wasan golf, inda ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, dandalin da ke kewaye da ramin akan aske shi kusan kullum zuwa milimita 3, wato kaurin kwabo biyu. Tsirrai kaɗan ne ke iya rayuwa da irin wannan aski.

Kiri-kiri, wadda masana ke kira Cynodon dactylon, Faransawa kuma chiendent, ta dace da wannan aiki saboda yanayin girmanta. Tana miƙa yaɗo a bisa ƙasa, kowace gaɓa ta kafa saiwa, sannan tana da wasu jijiyoyi da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa suna ajiye abinci. In an tattake wuri ya yi sanƙo, yaɗon gefe ya rufe shi. In ruwa ya ɗauke, ganyen ya bushe amma jijiyar na nan da rai, tana jiran yayyafin farko. Kamar hatsi da dawa, tana cikin tsirran da suka fi yin ƙarfi lokacin da rana ta ƙwalle. Halin da ya sa mai lambu a Jiratawa ke ƙin ta shi ne ya sa mai filin wasa ke neman ta. A Amurka ana kiranta ciyawar Bamuda, da sunan wani tsibiri, ko da yake ba can ne asalinta ba: yawancin danginta a Afirka suke.

Garin Tifton da mutumin da ya yi wa haki aure

A 1936 wani masanin tsirrai mai suna Glenn Burton ya kama aiki a tashar binciken noma ta garin Tifton, cikin jihar Jojiya ta kudancin Amurka, yanki mai zafi da ƙasa mai rairayi. A lokacin manoman auduga na wurin ba su da maƙiyi kamar kiri-kiri, don haka da aka ji yana renon ta, da yawa sun ga abin kamar hauka. Shi kuwa abincin shanu yake nema. Ya haɗa wata kiri-kiri da aka tsinta a tsohuwar gonar auduga kusa da Tifton da wata da aka kawo daga Afirka ta Kudu, ya dasa ƴaƴansu kimanin 5,000, ya yi shekaru yana zubar da marasa kyau. Wadda ta rage ita ce aka fitar a 1943 da sunan Coastal. Ta fi ta gida ba da harawa nesa ba kusa ba, kuma da yake kusan ba ta yin ƙwaya, manoma sun daina tsoron za ta mamaye musu gonaki. Daga baya an dasa ta a miliyoyin eka.

A 1946 ƙungiyar masu wasan golf ta Amurka ta fara ba shi kuɗin bincike domin ya samo musu ciyawar da za ta jure zafin kudu. Daga nan iri ya riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da harafin farko na sunan garin: Tiflawn a 1952, Tifgreen a 1956, Tifway a 1960, Tifdwarf a 1965. Tifway, wadda aka fi sani da lamba 419, ta fito ne daga cikin wani ƙunshin iri da aka aiko daga birnin Johannesburg a 1954, kuma ta yi shekaru gommai tana zaman ma'aunin da ake gwada kowace sabuwar ciyawar fili da shi a ƙasashe masu zafi. Burton ya rasu a 2005 yana da shekara 95.

Alfadarin ciyawa

Duk wanda ya san alfadari ya riga ya fahimci rabin wannan ilimi. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu zaruruwa da ke ɗauke da gado, waɗanda masana ke kira kuromosom. Doki na da 64, jaki na da 62, alfadarin da aka haifa tsakaninsu na da 63. Lambar ba ta rabuwa biyu daidai, shi ya sa alfadari ke da ƙarfi da juriya amma ba ya haihuwa.

Haka abin yake ga ciyawar fili. Kiri-kiri ta yau da kullum tana da kuromosom 36, tana da ƙarfi amma ganyenta na da kaushi. Akwai wata ƙanwarta a Afirka ta Kudu, Cynodon transvaalensis, mai 18, siririn ganye gare ta kamar gashi amma ba ta da juriya sosai. In aka ɗauki bununin ɗaya aka zuba a furen ɗaya, abin da za a samu yana da 27: laushin uwa da ƙarfin uba, amma ba ƙwaya. Don haka ba a shuka irin wannan ciyawa, dasa ta ake yi, kamar yadda ake dasa rogo ko dankali da yanka. Duk Tifway da ke duniya yau, daga Amurka har ƙasashen Larabawa, yanki ne na tushe guda da aka yi ta rarrabawa tun 1960.

Wannan na da amfani: fili kan fito launi ɗaya, tsawo ɗaya, ƙwallo na gudu daidai a ko'ina. Yana kuma da haɗari, domin cutar da ta iya tushe ɗaya ta iya filin gaba ɗaya. Sannan dole a samu gandun reno kusa, tun da ɗanyen yanka ba ya jure doguwar tafiya cikin zafi. Saboda wannan ne wasu jami'o'in Amurka, kamar ta Oklahoma da ta Niyu Mekziko, suka fitar da irin kiri-kiri da ake iya shukawa da ƙwaya, wanda ya fi sauƙin ɗauka da ajiya.

Shekara ashirin kafin iri ɗaya ya fito

Aikin kan fara ne da yawo. Masu bincike na bin tsofaffin filaye, bakin hanyoyi, maƙabartu da wuraren da dabbobi ke tattakewa, suna tono duk ciyawar da ta rayu inda sauran suka mutu. Sai a yi auren iri, a samu dubban ƴaƴa, a dasa kowanne a ɗan fegi nasa. Daga nan sai wahalarwa da gangan: a hana su ruwa, a sa su a inuwa, a zuba musu ruwan gishiri, a bi ta kansu da injin da ke kwaikwayon takalman ƴan wasa. Waɗanda suka tsira a kai su wasu garuruwa masu wata ƙasa da wani yanayi a sake gwadawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Misali mafi kusa shi ne TifTuf. Wayne Hanna, wanda ya yi aiki tare da Burton a Tifton, ya yi auren da ya haife ta a 1992, tana ɗaya daga cikin tsirrai fiye da 27,000. Ba a fitar da ita ba sai 2014, bayan shi da Brian Schwartz sun lura cewa tana zama koriya lokacin fari alhali maƙwabtanta sun bushe. A wani gwaji ta sha ruwa ƙasa da Tifway da kashi 38 cikin 100.

Tun da alfadarin ciyawa ba ya haihuwa, ba a iya sake yi masa aure don gyara shi. Hanya ɗaya ita ce a jira canjin da kan faru da kansa: Tifdwarf wani gajeren reshe ne da ya ɓullo a tsakiyar Tifgreen a wasu filayen golf, aka lura da shi aka ware. Hanya ta biyu ita ce a haska wa yankan ciyawar wani haske mai ƙarfi da ake kira gama, wanda ke jirkita gado, sannan a zaɓi abin da ya fito da kyau. Ta haka aka samu TifEagle a ƙarshen shekarun 1990.

Kowane wuri da abin da yake nema. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, inda ruwa mai daɗi ke da wuya, filaye 8 duka an dasa musu wata ciyawar bakin teku mai jure gishiri, paspalum, irin da ake kira Platinum TE, sannan aka yafa mata irin ciyawar ƙasashen sanyi da hunturu ya shigo. A gasar 2010 ta Afirka ta Kudu an yi amfani da kikuyu, ciyawar tsaunukan gabashin Afirka, wadda a wurin masana gida ɗaya take da hatsi da ƙarangiya. Domin gasar 2026 mai filaye 16 a Amurka, Kanada da Mekziko, hukumar FIFA ta ɗora wa jami'ar Tennessee da ta jihar Michigan aikin bincike na shekaru, saboda wasu filayen na da rufi, wasu na cikin zafi, wasu na kan tudu.

Inda labarin ya haɗu da hatsi

Burton bai tsaya ga ciyawa ba. Rabin rayuwarsa ya yi ta ne a kan hatsi, wato gero, abincin da mutanen Sahel suka fara nomawa: wani tsohon burbushinsa da aka tono, a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, ya kai shekara 4,500. A Tifton ya samo wani layin hatsi mai suna Tift 23A wanda furensa ba ya fitar da bununi mai rai. Irin wannan tsiro dole ya karɓi bununin wani, don haka ana iya samar da irin haɗi mai yawa ba tare da an bi kowace zangarniya da hannu ba. An aika da shi Indiya, inda a 1965 aka fitar da irin haɗi na farko, HB-1. Hatsin da Indiya ke girbewa ya tashi daga tan miliyan 3.5 a 1965 zuwa miliyan 8 a 1970.

Sai dai murnar ba ta daɗe ba. Da yake duk sababbin irin uwa ɗaya ta haife su, da cutar kuturtar hatsi ta samu kansu daga 1971, ta bi gonaki kamar wutar daji, girbi ya faɗi ƙwarai, sai da aka koma neman jinin juriya a wasu iri, ciki har da na Afirka ta Yamma. Shi ma Hanna ya samo juriyar wata cutar ganye daga hatsin daji na ƙasar Senegal, dangin shibrar nan da manomi ke cirewa a gonarsa.

A nan gida ana wannan sana'a a Tarna, kusa da Maraɗi, inda cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN, wadda aka kafa a 1975, ke da babbar tasha, da kuma Sadore kusa da Yamai, inda cibiyar ICRISAT take. Irin da manoman Tasawa da Mayahi suka sani sun fito ne daga wannan aiki: HKP an tace shi daga hatsin gargajiya Haini Kire don ya nuna da wuri, CIVT na ɗauke da sunan Tarna a cikin harufansa, Zatib kuma auren Zamfarwa ne da Cinin Bijimi. A 2018 aka fitar da Chakti, mai yawan sinadarin ƙarfe da ke taimaka wa jini. Waɗannan iri ba tushe ɗaya ba ne kamar ciyawar fili, taron dangi ne masu kama da juna, shi ya sa cuta ɗaya ba ta cika share su gaba ɗaya ba. Kuma tun da iska ce ke ɗaukar bununin hatsi daga gona zuwa gona, irin kan gauraye da na maƙwabta, sai a sabunta shi bayan ƴan shekaru. Manomin da ke ware manyan zangarnun Zango a ranar girbi ya ɗaure su daban don shuka ta baɗi, aikin Burton yake yi da ido da hannu.

Lissafin ruwa

Batun fili mai kyau ya shafi ƙasa baki ɗaya. Maraɗi ta karɓi wasu wasannin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a watan Fabrairun 2019, tare da Yamai. Amma a watan Nuwamban 2023 ƙungiyar Mena ta karɓi baƙuncin Tanzaniya da Zambiya a birnin Marakesh na Maroko, saboda filin Janar Seyni Kountché bai samu amincewar hukumar CAF ba, kuma lafiyar ciyawa na cikin abubuwan da hukumar ke dubawa. Ba mamaki in matasan Tasawa ko na Mayahi suka tambayi hukumomin gari yaushe nasu filin zai yi kore.

Amsar na cikin lissafi. Cikakken filin tamaula na da tsawon mita 105 da faɗin mita 68, wato murabba'in mita 7,140. Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. A Katar an ba da rahoton cewa kowane fili na shan lita 10,000 a rana lokacin sanyi, 50,000 lokacin zafi, abin da ya yi daidai da milimita 7 a yini. Zafin watan Afrilu da Mayu a jihar Maraɗi, ga busasshiyar iska, ba zai nemi abin da ya gaza haka sosai ba. Lita 50,000 ita ce tano 250, ko bido 2,000 na lita 25. In aka ƙiyasta lita 20 ga kowane mutum, ruwan mutum 2,500 ke nan a rana guda.

A gundumomin biyu ruwan sama kan sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, galibi tsakanin milimita 300 da 500 a shekara, sauran wata takwas sai ban ruwa. A ƙauyuka da dama na Mayahi rijiya na da zurfin gomman mitoci, ana jan guga da shanu ko raƙumi. Ko da irin da ke rage shan ruwa da kashi 38 cikin 100 aka samu, lita 50,000 za ta koma 31,000 ne kawai. Bayan ruwa akwai takin zamani da ciyawar ke buƙata a kai a kai, da injin aski sau biyu ko uku a mako, da man injin, da shinge don awaki, da albashin mai kula. Abu ɗaya da ƙasar yankin ta ba da kyauta shi ne rairayi: manyan filaye na duniya ma a kan rairayi ake dasa su don kada ruwa ya kwanta. Sai dai jigawa ba ta riƙe danshi, ruwan safe kan wuce kafin la'asar.

Ciyawar roba, wadda ake shimfiɗawa a filaye da yawa na Afirka, ba ta shan ruwa kamar mai rai, amma kuɗin sayenta na da yawa, takan gaji cikin shekara 8 zuwa 10, kuma da tsakar rana zafin bisanta kan wuce digiri 60. Rairayi kuwa ba abin kunya ba ne. Kokawa, wasan da ya fi kowanne tara jama'a a Nijar tun gasar farko ta 1975 a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, a kan rairayi ake yin ta. A ƙasashe masu ƙarancin ruwa har masu golf sun daɗe suna wasa a dandalin rairayi da aka daddaɓe. Fili da aka daidaita, aka tsince tsakuwa da kwalabe da ƙaya, aka kewaye shi da itatuwa masu tare iska, ya fi gazon da aka dasa da biki ya mutu kafin shekara ta zagayo.

Abin da ke iya yiwuwa da ɗan kuɗi shi ne matakin farko na aikin Tifton. Kiri-kiri na nan a bakin tabkunan Tasawa, da fadamun Gulbin Kaba, da kewayen rijiyoyin da garke ke tattakewa kullum, kuma ba duka ne halinsu ɗaya ba. Makarantar sakandare ko ƙungiyar matasa na iya tono ta daga wurare 20 ko 30, a dasa kowace a fegi mai mita 2, a ba su ruwa daidai wa daida da abin da ke malala a bakin famfo, a rubuta wadda ta fi daɗewa koriya bayan Oktoba, wadda ta fara farfaɗowa da ruwan farko, da wadda ta fi saurin rufe sanƙo. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da tashar Tarna na da masanan da za su iya tsara irin wannan gwaji. Sharaɗi ɗaya: a nisanta shi da garaka, don kiri-kiri in ta shiga lambu fitar da ita aiki ne.

Makiyaya ta fi fili buƙata

Inda zaɓen irin ciyawa zai fi amfanar gundumomin biyu shi ne wajen kiwo. Duk wanda ya bi burtali ko makiyaya a yankin Maijirgi, Urafan, Kanambakashe ko Sarkin Hausa ya ga yadda garmani ya cinye wurare masu yawa. Tsiro ne da dabbobi ba su cika ci ba, yana zuba ƙwaya da yawa, kuma yana samun wuri ne inda kiwo ya yi yawa har ciyawa mai daɗi ta ƙare kafin ta zuba tata. Sakamakon kowa ya san shi: tsadar harawa da bazara, ramar dabbobi, da garken da ke kutsawa gona saboda burtali ba abin ci, abin da kan jawo rikicin manoma da makiyaya.

Ayyukan gyaran ƙasa da ake yi a jihar, inda ake tuge garmani a haƙa rabin wata, sukan yafa irin komayya, kyasuwa ko gadagi. Yawanci irin daga daji ake sharo shi, ba a san wane tushe ya fito ba, ba a gwada ko zai tsira ba. A nan ne ilimin zaɓen iri ke da aiki: a gano komayyar da ta fi ganye, kyasuwar da ke nuna kafin ruwa ya ɗauke, a ware musu gonar iri kamar yadda ake yi wa HKP, a koya wa ƙungiyoyin mata da na makiyaya girbi da ajiya.

Wasu ƙasashe sun riga sun yi haka da ciyawar ƙasar Hausa. Gamba, wadda ake saƙa zana da ita, da sunanta na Hausa aka san ta a duniya. Wani irinta da aka ɗauka daga tashar bincike ta Shika, kusa da Zariya, an gwada shi a Kudancin Amurka, aka fitar da shi ga makiyaya a 1980 da sunan Planaltina a Brazil da Carimagua 1 a Kolombiya, inda ya ciyar da shanu a ƙasa mai tsami da ba ta da ƙarfi. A arewacin Ostiraliya kuwa, inda aka kai ta don kiwon shanu, ta zama annoba mai haddasa gobarar daji, har hukuma ta hana dasa ta. Wannan ya isa gargaɗi ga duk mai son shigo da baƙuwar ciyawa ba tare da gwaji ba. A Tasawa da Mayahi, inda take ƴar gida, gamba ta ragu a daji, har wasu manoma na dasa ta a iyakar gona don ta tare iska, ta ba da zana da abincin dabbobi.

Lokacin tara irin ciyawa gajere ne: daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, kafin ƙwaya ta zube, kafin dabbobi da masu sharar haki su wuce. Ƙananan hukumomi, kwamitocin kula da filaye na COFO, ma'aikatan gona da na kiwo da na gandun daji, tare da sarakunan gargajiya da shugabannin makiyaya, su ke da ikon keɓe ɗan yanki a kowace makiyaya a hana kiwo har ciyawa ta nuna. Irin da aka tara a kakar bana, aka shanya a inuwa aka ajiye a buhu nesa da danshi da gara, shi za a yafa da ruwan farko na watan Yuni.